Lambunmu na farko a Minanata: Abin da rana, awaki da tsutsa suka yi mana

Mu bakwai ne, maza huɗu mata uku, duk 'yan layi ɗaya a unguwar Minanata da ke cikin birnin Sakkwato. Dukanmu muna ajin SS2 a lokacin, kodayake ba makaranta ɗaya muke ba. A bayan gidan kakar ɗayanmu, wadda kowa a layin yake kira Inna, akwai wani ɗan kango da bai fi faɗin ɗaki biyu ba, inda ake zubar da toka da tsofaffin kwanuka. Nan muka ce za mu yi lambu. Muka yi mako uku muna rage kuɗin tara, muka haɗa abin da ya samu, muka sayo iri da fartanya ɗaya da manjagara. Ranar wata Asabar a tsakiyar watan Maris muka share wurin, muka shuka tumatir da latas da karas, muka jeru muka ɗauki hoto.

Bayan mako uku, latas bai fito ba ko ƙwara ɗaya. Karas ya leƙo, rana ta ƙone shi. Tumatir ya fito siri-siri kamar zaren ɗinki, ya yi kwana goma yana fama, shi ma ya kwanta. Kuɗinmu ya tafi, mutum biyu suka ce sun fita daga tafiyar. Inna kuma ta kira mu ta yi mana magana ɗaya: idan damina ta wuce ba ta ga ganyen kangon nan a tukunyarta ba, za ta mayar da wurin garken awakinta.

Yau kusan shekara guda ke nan. Mun ga ya dace mu ba 'yan uwanmu ɗalibai labarin yadda ta kaya, musamman waɗanda ke da ɗan fili a gida ko a makaranta suna tunanin farawa.

Kalandar da muka aro

Laifin farko na waya ne, ko kuma mu ce namu ne da muka yarda da waya. Bidiyoyin da muka riƙa kallo a YouTube da TikTok yawanci daga Ingila da Amurka suke, kuma a cikinsu kowa yana rawar jiki da shuka a watan Maris da Afrilu. Ba mu tsaya mun tambayi dalili ba. Ashe a can lokacin ne sanyi yake sakin ƙasa, rana ta fara ɗan ɗumi. A Landan, zafin rana a watan Maris yawanci bai wuce digiri 12 a ma'aunin salshiyas ba. Mu kuwa a nan, Maris shi ne bakin bazara, kuma a Afrilu ba abin mamaki ba ne zafi ya haura digiri 40 a Sakkwato. Wanda ya taɓa taka yashi da tsakar rana ba takalmi ya san ƙasar ma ta fi iskar zafi.

Daga baya muka gane cewa latas ɗinmu ba lalatacce ba ne. Ƙwayar latas tana da wata ɗabi'a: idan zafin ƙasa ya haura kimanin digiri 30, sai ta ƙi tsirowa, ta yi kwanciyarta. Shi kuma tumatir, ko da ya rayu ya girma, idan zafin rana ya wuce digiri 35 furensa yakan zube ba tare da ya ƙulla ɗa ba, domin zafin yana lalata garin furen da ke haɗa haihuwa. Wato ko da mun yi sa'a tumatirinmu ya tsallake makon farko, ganye kawai za mu yi ta shayarwa.

Shekararmu a nan kashi huɗu ce, kowa ya sani tun firamare, amma sai da muka yi asara muka fahimci amfanin sanin. Damina daga Yuni zuwa Satumba, kuma duk ruwan da Sakkwato ke samu a shekara yawanci tsakanin milimita 600 zuwa 700 ne, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Sai kaka, sai hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai bazara. Mai ƙaramin lambu ƙofa biyu gare shi. Ta farko ita ce faɗuwar damina, don kuɓewa, wadda mu a nan muke kira guro, da sure, wato yakuwa, da rama da alayyafo da kabewa. Ta biyu ita ce watan Oktoba, lokacin da ake renon tumatir da tattasai da albasa da kabeji, sannan a bi da latas da karas idan sanyi ya sauka. Abin da Turawa ke yi a Afrilu, mu a Oktoba da Nuwamba muke yin sa.

Akwai kuma tarkon ruwan farko. A watan Mayu aka yi wani ruwa da iska cikin dare, da safe gari ya yi ƙamshin ƙasa, har mun ɗauko iri. Inna ta ce mu ajiye. Aka yi kusan mako uku ba a ƙara ko yayyafi ba. Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, inda take nuna lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a kowace jiha, kuma gidajen rediyo sukan karanta shi. A yankinmu ruwa ba ya zama sosai sai cikin Yuni, wata shekarar har farkon Yuli.

Tafiyar Kwalkwalawa

Malamin aikin gona na makarantar ɗaya daga cikinmu ne ya ce mu daina kallon lambun Turawa, mu je mu ga na gida. Muka hau keke Napep zuwa fadamar Kwalkwalawa, a kan hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a gefen kogin Rima. Wannan fadama tana cikin wuraren da ke ciyar da birnin Sakkwato da kayan miya. Ruwan da ke bin kogin da rani yana da alaƙa da madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ita ke tare ruwan damina ta riƙa sakinsa. Manyanmu suna tuna ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a a daidai wannan yanki.

Mun je a ƙarshen Afrilu, muna tsammanin za mu ga kore ko'ina. Sai muka tarar da komaye da yawa an riga an kwashe amfaninsu. Wani dattijo da muka samu a inuwa yana gyaran tiyon injin ban-ruwa ya saurari labarinmu har ƙarshe, sannan ya yi dariyar da sai da ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Jikokina, wa ac ce muku ku shibka tumatur ga bazara?"

Muka ce, "Baba, a waya muka gani."

Ya ce to mu koma wayar ta ba mu tumatir. Amma da ya gama tsokanarmu sai ya zaga da mu. Abu na farko da ya nuna mana shi ne komi. Mu mun tara ƙasa ta yi tudu kamar yadda muka gani a bidiyo, shi kuwa komayensa duk a nutse suke, an ɗaga musu baki ta kowane gefe, ta yadda idan aka sako ruwa zai kwanta a ciki ya shiga ƙasa a hankali. Ya ce tudu na damina ne, lokacin da ake gudun ruwa ya kwanta a gindin shuka. Da rani kuwa ruwan ake lallashi ya tsaya. Ya ɗebo ƙasar fadama ya dunƙula ta a hannu, ta tsaya kamar curin fura. Ya ce idan mun koma gida mu gwada da tamu. Mun gwada, tamu ta warwatse. Ƙasar kangonmu yashi ce, irin ta jigawa, ruwa yana wucewa ta cikinta kamar ta rariya.

Sayen iri da dashe

Nan ne aka fi cin kuɗin sabon shiga, don haka za mu ɗan daɗe a kai.

Irin da muka saya da farko, a ƙulle yake cikin farar leda, an baza shi a kan tebur rana tana dukansa. Ba suna, ba kwanan wata. Iri abu ne mai rai, zafi da damshi suna kashe shi a hankali. Kuma ba duka ne suke da tsawon kwana ɗaya ba: ƙwayar tumatir za ta iya yin shekara uku ko fiye idan an adana ta a wuri mai sanyi kuma busasshe, amma ta albasa da kyar take wuce shekara guda da ƙarfinta. Saboda haka wanda ya sayar maka da irin albasa na bara waccan, ƙasa kawai ya sayar maka.

Yanzu idan za mu sayi iri, shagon kayan noma muke zuwa, mu duba abu uku a jikin ƙunshin ko gwangwanin: sunan nau'in, ranar da aka ƙunsa shi da ranar da zai daina aiki, da kuma ko an taɓa buɗe shi. Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, NASC, ta fito da wani tambari mai suna SEEDCODEX da ake kankarewa kamar katin waya, a tura lambar ta saƙon tes don a tabbatar irin na gaskiya ne. Ba kowane ƙunshi ke ɗauke da shi ba, amma idan ka gan shi, yi amfani da shi. A tumatir, nau'o'in da suka daɗe a hannun manoman Arewa sun haɗa da Roma VF da UC82B, wanda za ka ji ana kira UTC a kasuwa. Idan ka ga an rubuta F1 a jikin ƙunshi, iri ne mai aure. Yana da tsada, yakan yi yabanya mai kyau, amma idan ka cire ƙwaya daga 'ya'yansa ka shuka baɗi, ba zai ba ka irin na uwar ba. Ga mai koyo da kuɗin tara, a ganinmu Roma ya isa. Irin da ka ga yana da launin ja ko shuɗi ko kore kuwa, magani aka shafa masa. A wanke hannu bayan an taɓa shi, a kuma ɓoye shi daga ƙananan yara da kaji.

Guro da sure da rama da alayyafo ba su buƙatar wannan dogon bincike. A Kasuwar Daji ko wajen tsofaffin mata a unguwa ana samun irinsu na gida, wanda ya saba da ƙasarmu da ranarmu. Gwaji ɗaya kawai za ka yi masa, kuma kyauta ne. Ƙirga ƙwara goma, naɗe su a cikin jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa, ka riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ka buɗe. Idan takwas sun tsiro, irinka lafiya. Idan uku ne kawai, kada ka ɓata kominka. Da mun san wannan a Maris, da mun gane tun da wuri cewa rabin irin karas ɗinmu ma matacce ne, ba rana kaɗai ke da laifi ba.

Wanda ba ya son wahalar reno yana iya sayen dashe wajen masu lambu idan lokacinsa ya yi. A nan ido ne zai yi aiki. Sabon shiga yakan zaɓi mafi tsawo, har da mai fure, yana ganin ya yi gaba. Wannan ya tsufa a wurin reno, kuma zai daɗe bai farfaɗo ba. Nemi gajere mai kaurin jiki, mai ganye huɗu zuwa shida. Juya bayan ganyen ka duba ko akwai ƙwai ko ƙananan ƙwari. Duba saiwar: fara mai gashi-gashi ake so, idan ka ga ƙulu-ƙulu a jikinta kamar carbi, akwai wata tsutsa da ido ba ya gani a ciki, kuma idan ka kai ta gida ta zauna a ƙasarka ke nan. Sannan a dasa da yamma bayan la'asar, a ba shi ruwa nan take.

Ba za mu ɓoye namu kuskuren ba. Ɗaya daga cikin 'yan matanmu ta dage sai mun sa bishiya ko ɗaya ce, muka tsaya wajen masu sayar da furanni da dashen itatuwa a gefen titi, aka ba mu mangwaro aka ce mai aure ne, muka biya kuɗin mai aure. Da malamin nan ya gani ya tambaye mu ina tabon auren. Ashe kowane dashe mai aure yana da alama a ƙasan karansa, inda aka haɗa reshen wata bishiya da gindin wata, sau da yawa har da ledar da aka ɗaure wurin. Namu santsi ne tun daga ƙasa har sama. Yana nan yana girma, sai dai wataƙila mu gama jami'a kafin mu sha ɗansa.

Taki da ruwa

Maganin yashi taki ne. Awakin Inna, waɗanda ake yi mana barazana da su, su suka fara taimakonmu. Muka haƙa rami, muka riƙa zuba kashinsu da busasshen ganye da ɓawon kayan miya da 'yar toka, muna yayyafa ruwa muna juyawa duk mako biyu. Cikin wata biyu ya koma baƙi, ya daina wari. Ɗanyen taki, musamman na kaji, yana ƙone saiwa, don haka sai ya ruɓe ake sa shi. Takin zamani kuwa, kamfa mai lamba 15-15-15 a jikin buhu, lambobin suna nuna sinadarai uku ne: na ganye, na saiwa, da na ƙarfin jiki da 'ya'ya. Murfin kwalba ɗaya ya ishi gindin tumatir guda, kuma a binne shi nesa da karan da kimanin faɗin tafin hannu. Mun kashe gindi huɗu kafin mu yarda da wannan.

Ruwa shi ne ya kusa raba mu. Idan famfo ya ɗauke, sai an saya wajen 'yan ga-ruwa, kuma ba mai kuɗin. Dabarar da ta cece mu daga Inna ta fito: ta sa aka ajiye babbar roba a inda mutanen gidan ke alwala, wata kuma a inda ake wanke shinkafa da kayan miya. Kullum muna samun abin da zai ishi komi biyu. Ruwan wanki mai omo ko bilic ba ma zuba shi. Muka kuma rufe saman ƙasa da busasshiyar ciyawa da ɓuntun shinkafa, sai ga komin da a da yake bushewa kafin azahar yana kai wa washegari da damshi.

Damina da jar akuya

A ƙarshen Yuni, bayan an yi ruwa biyu masu ƙarfi a jere, muka ja kunyoyi muka shuka guro da sure da rama da alayyafo. Alayyafo shi ne abokin mai koyo. Cikin kwana huɗu ya fito, cikin mako huɗu ya isa yanka, kuma idan ka yanke shi ka bar gindin zai sake tohowa. Da muka ga kore ya rufe kangon, har waɗanda suka fita suka dawo ba tare da an kira su ba.

Saura kwana biyu mu yi yankan farko, wani ya manta bai ɗaure ƙyauren langalanga ba. Jar akuyar Sakkwato dabba ce mai daraja, fatarta ta yi suna tun zamanin da fatake ke ratsa Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta wuce Turai. Amma ranar nan ba wanda ya tuna da darajarta. Cikin abin da bai fi rabin awa ba, uwa da 'ya'yanta biyu suka share alayyafon tas, suka taɓa sure. Har yau ba a san wanda ya bar ƙyauren ba, ko kuma mu ce an sani an yi shiru. Muka yi darni da karan dawa da ƙaya, muka sa sakata. Duk wanda zai fara lambu a cikin gari, ya fara da shinge kafin ya sayi ƙwayar iri ko ɗaya.

Sauran matsalolin damina masu sauƙi ne. Fara ta huda ganyen guro, muka riƙa kama ta da hannu da sassafe lokacin da sanyi ya hana ta tashi. Ruwan Agusta ya kwanta a gefe ɗaya na kangon, ramar da ke wurin ta yi rawaya, muka haƙa 'yar magudana. Kafin ƙarshen Agusta Inna ta yi miyar guro ɗanye da ta sure daga kangonta, ta aiko mana da tuwo a babban kwano. Ba ta ce komai game da garke ba, mu ma ba mu tayar da maganar ba.

Sharon, da rigimar fiya-fiya

A farkon Oktoba muka yi renon tumatir a ƙarƙashin rumfar zana. Tururuwa suka kwashe wani ɓangare na irin, ƙadangaru suka far wa wanda ya tsiro, sai da muka lulluɓe wurin da wani tsohon gidan sauro da ya riga ya yage, ba wanda ake kwana a ciki ba. Bayan mako huɗu muka dasa gindi 24 a komaye masu zurfi, muka kafa zana ta gefen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa da ƙura.

A farkon Disamba, tumatir yana cikin fure, muka fara ganin wasu fararen tabo a jikin ganye, kamar an kankare koren an bar fatar. Da muka ɗaga ganye ɗaya muka duba shi ta hasken rana, sai ga wata 'yar tsutsa a ciki, tsakanin fatar sama da ta ƙasa. Wannan ita ce sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga ƙasar Sifen a 2006, daga nan ta bazu zuwa Afirka. A 2016 ta yi wa manoman tumatir na Kano da Kaduna da maƙwabtansu mummunar ɓarna, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki saboda rashin abin sarrafawa. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka da ke yawo da dare, kuma guda ɗaya tana iya yin ƙwai sama da 200. Abin da ya sa take da wuyar magani shi ne tana cikin ganyen, feshi ba ya saurin kai wa gare ta.

Nan rigima ta tashi. Mazanmu biyu suka ce a sayo fiya-fiya a fesa, a huta. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce idan aka fesa, ita da ƙannenta ba za su ci ba, kuma za ta gaya wa Inna. Aka yi kwana biyu ba a magana. Gaskiya tana wajenta. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper, wato dichlorvos, guba ne mai ƙarfi da ke shiga jiki ta fata da ta numfashi. Saboda samun ragowarsa a cikin wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa da kuma baza shi a kasuwanni da kantuna. Ko magungunan da aka yi don kayan lambu ma, kowanne yana da kwanakin jira a rubuce a jikinsa, tsakanin feshi da tsinka, kuma aikin manya ne masu safar hannu da abin rufe hanci. A kangon da jikokin Inna ke wasa a bakinsa, ba wurinsa ba ne.

Abin da muka yi ya fi wahala. Kullum bayan an taso makaranta mutum biyu za su bi gindi-gindi, su tsinke duk ganyen da ke da tabo, a zuba a leda a ɗaure, a bar shi a rana ya dahu, ba a jefa shi a ramin taki ba. Sannan muka koma ga dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi, bishiyar da aka kawo daga Indiya ta zama inuwar kowane titi a Sakkwato. Muka tsinci busassun 'ya'yansa, muka fasa muka daka ƙwallon, kimanin rabin kilo a lita 10 na ruwa, ya kwana a jiƙe, muka tace da tsumma, muka narka ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye. Da yamma ake fesa shi, sama da ƙasan ganye, domin rana tana kashe ƙarfinsa, kuma a maimaita duk mako. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Yana hana shi cin abinci ne, ya kuma hana tsutsa girma. Wanda ke son ya ga gawa a ƙasa da safe zai ce bai yi aiki ba.

Ya rage sharon, bai kawar da ita ba. Ya fi yin tasiri a kan darɓa da farin ƙuda, waɗannan ƙananan da ke tashi kamar gari idan ka girgiza shuka. Farin ƙuda yana ɗauke da cutar da ke sa ganyen tumatir ya nannaɗe ya yi rawaya, kuma gindin da ya kamu ba ya warkewa. Mun tuge uku muna ji muna gani. Wani abin da muka lura da shi kuma, tunda ba mu fesa guba ba, sai ga ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo da wani ɗan jan ƙwaro mai ɗigon baƙi a baya sun cika lambun. Da farko mun fara kashe jan ƙwaron, sai malam ya ce mu tsaya mu kalle shi. Darɓa yake ci.

Asara ta ƙarshe mu muka jawo ta. Lokacin jarrabawar zangon farko, ban-ruwa ya rikice, yau a yi, gobe da jibi a manta, ran nan a cika komi har ya tumbatsa. Tumatirin farko da suka ƙulla sai gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Mun zaci wata cuta ce. Ashe idan ruwa yana zuwa yana yankewa, sinadarin kalsiyam ba ya isa ƙarshen ɗan tumatir. Muka rubuta jadawali a bangon kangon da gawayi, kowa da ranarsa, na baya suka fito lafiya.

Daga gindi 24, goma sha bakwai ne suka kai ga haihuwa. Tun tsakiyar Janairu muke tsinka, duk kwana uku ana samun abin da zai cika ƙaramar roba, a raba gida bakwai bayan an cire na Inna. Latas ɗin da muka sake shukawa a Nuwamba, daga ragowar wancan ƙunshin na Maris, ya fito har ya yi mana yawa, muka sayar wa wani mai shayi da burodi a bakin titi. Kuɗin bai mayar da abin da muka kashe ba, amma ya sayi butar ban-ruwa da ƙunshin Roma na baɗi, wanda yanzu yake cikin kwalba mai murfi a ƙarƙashin gadon Inna.

Iska ta fara ɗumi, tumatirin ya fara zubar da fure. Mako mai zuwa za mu tuge shi mu ƙone karan saboda sharon, kuma a komayen nan ba za mu sake sa tumatir ko tattasai baɗi ba, albasa da latas za su koma wurin. Bazarar bana zogale shida kawai za mu riƙe a bakin darni, da mangwaron nan mara aure, sai ramin taki. Jarrabawar WAEC tana gabanmu a bana, don haka mun fara koya wa ƙannenmu uku na JS3 jadawalin ban-ruwa. Jar akuyar kuma ta sake haihuwa, Inna ta ce a ƙara wa darnin tsawo kafin 'ya'yan su iya tsalle.